Yaya, sunan mu biyu za a sa a takardar

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da iyali baki ɗaya. Ya sanyin Jos? Da can ina cika baki wai ɗan Jos ba ya jin sanyi. To, na shiga taitayina. Nan a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

Mun ga hotunan filayen, kuma mun tsaya a kan na Unguwar Rogo. Na Rikkos ya fi faɗi, amma ɗaliban jami'a muke hari, su kuwa sun fi son inda za su taka da ƙafa. Sai dai matata, Maman Abba, ta tuna min yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas cur ba karatu. Don haka ɗaki huɗu na ɗalibai, sai ciki da falo biyu na masu iyali, kar mu zuba ido a kan hanya ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu, ban bar ta a waya ba. Ka ce a sa sunana ni kaɗai a takardar filin, mata da miji ai abu ɗaya ne, kar dangi su yi surutu. Yaya, ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba.

Kashi biyu cikin biyar na kuɗin nan guminta ne. Aikin dare take yi a gidan kula da tsofaffi, ta ɗaga wannan ta juya wancan har gari ya waye. Da safe in ta shigo, takalmi ma da ƙyar yake fita don kumburi. Sai ta tsoma ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri tana gyangyaɗi, ni kuma ina ɗaura wa Abba jakar makaranta. Har sarƙar zinarenta ta lefe ta sayar ta ƙara. In yau ta Allah ta kasance a kaina, gida da sunana kaɗai, tumuni za a ba ta, ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Kuɗinta na kanta ya koma gado ke nan. Ka manta Goggo? Adashenta na shekara nawa ya shiga ginin Kawu, ranar rabo aka ce ta kawo shaida, ta rasa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, cewa ta yi a rubuta bashi. Mu ma mun rubuta namu, shaidu biyu sun sa hannu.

Don Allah kar ka ba da ko sisi sai lauya ya bincika a ma'aikatar ƙasa ta jiha. Takardar mai unguwa kaɗai ba ta isa ba. Tun dokar 1978 ƙasa a hannun gwamna take. La'adar dillali ma a yanka ta tun yanzu. Ka kuma tambayi maƙwabta zurfin rijiyarsu, ka san Jos da dutse.

Kuɗin haya zai riƙa shiga asusun da muka buɗe tare. Kuma kar a yi wa kowa a dangi alkawarin ɗaki. Ɗan uwa in ya shiga, wa ke da idon tambayarsa haya?

Inna ka bar min ita, ni zan yi mata bayani ranar Juma'a bayan na turo kuɗin lauya. In an samu mai tahowa, a riƙo mana acca da kuka, tamu ta ƙare tun azumi.

Maman Abba tana gaishe ka ƙwarai.

Naka,
Ƙaninka