Zuwa ga Salisu, a gareji

Assalamu alaikum.

Salisu, ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da sauran yaran gareji. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, saura dawa. Ƙafar innarka ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya.

Ba labarin gona ya sa na zaunar da ƙaninka yake rubuta maka wannan ba. Ranar kasuwar Gujungu wani direba, ba sai na faɗi sunansa ba, ya ja ni gefe ya ce sau biyu yana ganinka bayan isha'i a titin Haɗeja, kana tuƙa wata Golf da samari uku a ciki, kana zuba gudu kamar an biyo ka. Ya ce motar ta masu kawo gyara ce. Na ce masa ƙila gwaji aka tura ka. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba.

Na san har yanzu kana riƙe da ni a zuci kan shekarar da na hana ka tafiya. Ban taɓa raina kanikanci ba, ko da mutanen zaure suke cewa ɗan gidan nan bai dace da baƙin mai ba. Ni da na yi shekara bakwai ina yaron mota a J5 tsakanin Kano da kasuwar Maigatari duk Alhamis, na san darajar bakanike fiye da su. Na ga alhazai da manyan riguna tsaye a rana suna jiran yaro mai dauɗa ya fito daga ƙarƙashin mota. Hankalinka na jira ya zauna, shi ke nan. Da lokaci ya yi, wa ya sayar da ragon nan ya saya maka akwatin sifanu?

Kuma sana'ar tana da gaba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, mai tsohuwar mota ba ya zancen sauya ta, sai dai ya yi ta lallaɓa ta. Nan karkara kuwa injin ban-ruwa ya tsaya a fadama, ko injin niƙa, sai an ɗauka har Ringim. In ka iya aiki ba za ka rasa abinci a garinku ba. Na ji an fara barinka ka sauke inji, ana aikenka Ƙofar Ruwa sayo kaya kai kaɗai. Na ji daɗi, don ba kowane yaro ake ba kuɗin mutane ba. Motocin yanzu da ake jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu, ka matsa kusa ka koya, kar ka tsaya a kan kafireta irin ta zamaninmu.

To amma duk wannan sai da rai.

Kai ka fi ni sani yanzu, babu motar da ta kai wadda aka gama taɓawa haɗari. An kwance birki an mayar, iska ta rage a cikin layin mai ba a fitar ba, sai ka taka feda ta tafi ƙasa salalam, ba abin da ya kama. An ɗaura taya da hannu a kan za a ƙara ɗaurewa, aka kira salla, aka manta. Shi ya sa tsofaffin kanikawa suke gwaji da rana, a hankali, kunne a kan inji, su zagaya su dawo. Wanda ya kwashi abokai da dare yana kiɗa ba gwaji yake ba. Yawo yake da amanar mutane, da man da bai saya ba. Lasin ma ba ka da shi. In ka buge ɗan wani, wace gona za mu sayar? Ta bakin rafi da ta rage?

Kuma kai, Salisu, kai ne za a ba ni wannan labari a kanka? Kai da ka ga yadda aka shigo da baffanka Idi a tabarma? Shekararka tara, kana riƙe da zanen innarka a ƙofar soro. Ni na wanke shi. Ni na san abin da na gani a ƙirjinsa inda sitiyari ya same shi, ban taɓa gaya wa kowa ba, har kakarka ta rasu tana tambayata. Shi ma cewa ya yi yanzu zai dawo. Wallahi in na sake jin an gan ka a kan titi da motar mutane da dare, da ƙafata zan zo in ɗauko ka a gaban maigidanka, ka dawo ka riƙe fartanya, a yi ta yi mini dariya a gari. Na yarda.

Ban gaya wa innarka ba, kai ma kar ka bari ta ji.

Na san ƙuruciya ce, kuma na san daɗin sitiyari a hannun wanda ya tashi yana kora jaki. Ni ma na ji shi. In tuƙi kake so, ka yi wa maigidanka magana ya koya maka yadda ya kamata, in an sayar da wake zan taimaka da kuɗin lasin. Kuma don Allah in za ka shiga ƙarƙashin mota, kar ka yarda da jak shi kaɗai, ka tokare da gungume.

Innarka ta ba da ƙuli-ƙuli da yaji a kawo maka, ta ce ka daina wanke hannu da fetur, fata yake busarwa, ga sabulu nan a ciki. Ka gaishe da maigidanka, ka ce ina godiya da riƙo. In za ka zo bikin Hauwa, ka je tashar 'Yankaba ka hau motar haya kamar kowa, ka zauna a baya.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka