Godiya ga garejin da ya cire hitar Marsandina ba a fasa komai ba

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Oga da yaransa, masu garejin nan na Agege da 'yan Arewa suka saba kai tsofaffin motoci. Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ne saboda irin aikin da kuka yi mini ba ya ganuwa da ido. Da an mayar da dashbod, shi ke nan ya ɓuya.

Motar Marsandi ce 230E ƙirar 1982, irin wadda 'yan Legas ke kira Regular, daga Jamus ta zo da hitarta. Ruwan lagireto yana ta raguwa, a duba ƙarƙashin mota babu ɗigo. Sai kafet ɗin gaba ya riƙa jiƙewa, wani wari mai zaƙi-zaƙi ya cika ciki, gilashin gaba kuma ya yi ta hazo mai maiƙo. Ku kuka gane cewa ƙaramin lagireton hita, wanda ke cikin akwati can ƙarƙashin dashbod, shi ne ya huje.

Duk inda na je kafin ku, magana ɗaya ce: a haɗa tiyoyin ruwan hitar da juna ta wajen injin, a manta da hita, wa ke jin sanyi a Legas? Ban ga laifinsu ba, dabara ce mai sauƙi kuma tana tsayar da yoyo. Amma ni ina hawa Jos da Kano da motar nan a lokacin hunturu, kuma da damina, in ruwa ya tsuge kana kan gadar Third Mainland, iskar ɗumin ce ke share gilashi. Oga ya saurare ni, ya ce aikin zai ci lokaci, ya faɗi kuɗinsa, bai ƙara ko sisi daga baya ba.

Na zauna a benci na ga abin da idona. Aka cire kan batir, aka zubar da ruwan injin, aka sauke sitiyari. Wajen fitar da mitoci Oga bai bar wa yaro ba, da kansa ya kwance wayar sifidomita da siririn bututun da ke kai bakin mai zuwa mitar oyil, don a irin wannan mota mai ne na gaske ke hawowa har bayan mita, in aka yi garaje sai ya ɓata ko'ina. Rediyo, akwatin ajiya, wayoyin ƙarfen da ke buɗe ƙofofin iska, kowanne an liƙa masa takarda an rubuta inda ya fito. Kusoshi kuwa gwangwani-gwangwani aka raba su. Robar da ta haura shekara 40 tana shan ranar ƙasar nan ta bushe ƙayau, ɗan lanƙwasawa kaɗan sai ta tsage, kuma dashbod ɗin Regular mai lafiya ko a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, sai an sha yawo. Haka kuka ɗago shi mutum biyu, a hankali, aka kwantar a kan bargo.

Lagireton hitar da aka samo a Ladipo don maye gurbin tsohon na Beljiyam ne, wato na hannu. Kafin a ɗaura, kun toshe bakinsa, kun hura masa iska a cikin ruwa kamar yadda mai faci ke gwada tiyub, ba kumfa ko ɗaya. Soson da ke toshe gefen akwatin duk ya zama gari, kun yanka sabo kun sa, ba ku ma sa shi a lissafi ba. Tsohon kuma kun ba ni a leda, na ga tsatsar da ruwan famfo zalla ya tara masa, shi ya sa yanzu ruwan lagireto na kanti nake zubawa kamar yadda kuka ce.

Kafet ya bushe, allurar zafi ba ta ƙara tashi a cunkoson Oshodi ba, kuma dashbod ba ya ƙara ko a kan gargada. Yaron nan da ya wuni kwance da baya a ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki, Oga, a gaishe mini da shi na musamman.

Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Mai Regular ruwan toka, Agege, Legas