Italiyar da na gani a bakin hanya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan yadda labarin ƙasar Italiya yake iso mana a kafafen watsa labaranmu na Hausa. A iya lura da na yi, ba a cika ambaton ƙasar nan ba sai idan kwalekwale ya kife da 'yan ci-rani a kusa da tsibirin Lampedusa, ko Fafaroma ya yi jawabi a fadarsa, ko kuwa an buga wasan ƙwallo a Milan. Duk wannan gaskiya ne, amma tsakanin tekun da yaranmu suke nutsewa a ciki da manyan biranen da suke mafarkin zuwa akwai ƙasa guda mai garuruwa da gonaki da mutane, wadda ba wanda yake ba mu labarinta, alhali kuwa a can ne da yawa daga cikin waɗanda suka tsira da ransu suke ƙarewa.

Sana'ata fataucin fata ce. Shekaru da dama ina aika jemammun fatun awaki da na tumaki zuwa wani ƙaramin gari mai suna Solofra, wanda yake cikin tsaunuka a gabas da Napoli, kuma kusan duk mutanensa da jima suka dogara. Duk zuwan da na yi a baya, daga filin jirgi sai masana'anta, daga masana'anta sai masauki. A wannan karon na gama abin da ya kai ni a farkon watan Satumba, na tarar da sauran kwanaki a bizata, sai na ƙudura cewa zan bi kudancin ƙasar a motocin haya da jirgin ƙasa mai tsayawa a kowace tasha, domin gani ya kori ji.

Na fara da gaɓar tekun Amalfi, kuma ba zan tsawaita a kanta ba, tun da hotunanta sun cika intanet. Hanyar da ta tashi daga Salerno an sassaƙe ta ne a jikin dutse, teku tana can ƙasa, direba yana danna oda a kowace kwana saboda motoci biyu ba sa wucewa tare sai da dabara. Gidaje sun hau kan juna kamar an jera kwanuka a ɗakin amarya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da na gani yana saukowa daga lambun lemon tsami ta wata matakala mai tsayi, da kwando a bayansa wanda bai gaza buhun siminti nauyi ba, yayin da masu yawon buɗe ido suke raɓewa gefe suna ɗaukarsa hoto. Lambunan nan an gina su ne hawa-hawa da katangar duwatsu, mota ba ta shiga, saboda haka duk lemon da aka matsa a manyan otal-otal ɗin garin a bayan mutum ya sauko.

Daga nan na tsallaka gabas zuwa Foggia a yankin Puglia, kuma a nan ne dalilin wannan wasiƙa yake. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, iya ganinka gonakin alkama da aka girbe da gonakin tumatir, har ta tuna mini da hanyar Kura zuwa Kadawa a lokacin noman rani. Ina tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa sai na ji Hausa tsantsa a bayana, wani saurayi yana waya yana cewa, "Inna, lafiya lau nake, aiki ne ya yi yawa." Da ya gama na yi masa sallama, ya dube ni kamar ya ga aljani, sannan ya rusuna ya gaishe ni. Ɗan zango ne daga Kumasi, ya bi ta Agadas da Libiya, shekararsa huɗu a ƙasar. Na lura da hannuwansa tun kafin ya faɗa mini aikinsa, domin tsagar fatarsu ta rine ta yi baƙi-baƙi da ruwan ganyen tumatir, irin rinin da sabulu ba ya fitarwa.

Ya ce yana kwana a Borgo Mezzanone, wani tsohon filin saukar jiragen soja da ke wajen gari, inda dubban 'yan Afirka suka kakkafa bukkoki na kwano da katako da leda. Ba a biyansu da yini, ana biya ne da akwati, kuma akwatin nan yana cin tumatir kilo 300, ladansa kuwa Yuro uku zuwa huɗu. Tsakaninsu da mai gona akwai dillali da ake kira kaforale, shi yake zaɓen wanda zai yi aiki da asuba, shi yake cusa su a mota, kuma a cikin ladan nasu yake cire kuɗin motar. Gwamnatin Italiya ta yi doka a shekarar 2016 da ta tsananta hukunci a kan wannan dillanci, amma a watan Agustan 2018 ma'aikatan gona 16, dukkansu baƙi, sun mutu a haɗurran mota biyu cikin 'yan kwanaki a wannan lardi, suna kan hanyar dawowa daga gona. Da za mu rabu na ba shi abin da ya sawwaƙa, sai ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, don Allah idan ka haɗu da wani ɗan gidanmu kada ka ce ka gan ni a haka." Ya nuna mini hoton da ya aika gida da sallah, yana tsaye a gaban wata maɓuɓɓugar ruwa ta cikin gari da riga mai kyau. Ƙanensa ya ga hoton, kuma yanzu haka yana tara kuɗin hanya.

Kilomita 20 ko ƙasa da haka daga Foggia akwai wani gari a kan tudu mai suna Lucera, wanda na tabbata kaɗan ne cikin masu karatu suka taɓa jin sunansa. Tun daga wajen shekarar 1224 Sarki Frederick na Biyu ya riƙa kwaso Musulmin tsibirin Sisili yana zaunar da su a nan, suka noma masa alkama, suka zama maharban bakansa a yaƙi, suna da masallacinsu da alƙalinsu. A shekarar 1300 wani sarkin, Charles na Biyu, ya rushe wannan al'umma, aka sayar da dubbai a matsayin bayi, aka gina babbar majami'ar garin a inda masallacin yake. Na zauna a gindin ganuwar da ta rage ina hangen filayen da ke ƙasa, inda a wannan lokacin ma Musulmi baƙi ne suke sunkuye suna aiki a gonakin wasu.

Bari in ɗan karkata in faɗi abin da zai amfani mai niyyar irin wannan tafiya. Tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa sai an saka shi a wata 'yar na'ura da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin a hau. Ni ban sani ba, mai duba tikiti kuwa bai saurari uzurina ba, ya ci ni tarar da ta ninka kuɗin tafiyar sau da yawa, kuma laifina ne. A ƙananan garuruwa shaguna suna rufewa daga wajen ƙarfe ɗaya na rana sai bayan la'asar, wanda bai yi guzuri ba ya sha yunwa. Musulmi kuma ya yi hattara da burodi da kayan fulawa, domin a wasu yankuna ana kwaɓa su da kitsen alade da suke kira strutto, sai ya tambaya kafin ya saya. Kifi da taliya da man zaitun sun wadatar da ni har na dawo.

Garin Matera, a yankin Basilicata, ya ba ni mamaki fiye da ko'ina. Tsohon garin kogunan dutse ne da mutane suka fafe suka mai da su gidaje, rufin wani shi ne hanyar wani, kuma a ƙarƙashinsu akwai rijiyoyin tara ruwan sama. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu iyalai suna kwana a ɗaki guda da jakunansu da kajinsu, zazzaɓin cizon sauro yana ɗauke yara, har aka riƙa kiran wurin abin kunyar ƙasa. A shekarar 1952 aka yi dokar da ta kwashe dubban mazauna zuwa sababbin gidaje. Ba a rushe kogunan ba, aka bar su, sai ga shi a 1993 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, a 2019 kuma garin ya zama babban birnin al'adu na Turai, kuma yau kwana ɗaya a wasu daga cikin kogunan nan ya fi ƙarfin aljihuna. Ina yawo a lungunan garin ina tuna badalar Kano, yadda ake yankarta ana kafa shaguna, da gidajen ƙasa masu zanko da muke rushewa muna cewa ci gaba ne.

Zuwa Sisili abin kallo ne shi kansa, domin babu gada a mashigin Messina, sai dai a rarraba taragun jirgin ƙasa a tura su cikin cikin jirgin ruwa, fasinja ya fito ya hau sama ya sha iska, a ɗaya gefen a sake haɗa su a ci gaba da tafiya. A Palermo kuwa ɗan Arewa ba zai ji baƙunta sosai ba. Musulmi daga Tunisiya sun sauka a tsibirin a shekarar 827, suka kama birnin a 831, suka riƙe shi har 1072, kuma sawunsu bai goge ba. A ƙofar babbar majami'ar birnin akwai ginshiƙi ɗauke da ayar Alƙur'ani da aka sassaƙa, na tsaya na karanta da idona. A kasuwar Ballarò masu kifi da masu kayan miya suna kwarmata hajarsu da wata irin waƙa, ga hayaƙin gashi, ga cunkoso, sai ka rantse a 'Yankura kake. A wannan birni ne malamin nan Al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154 a fadar Sarki Roger na Biyu, kuma a ciki ya ambaci Kanem da Gao, wato tun a wancan zamani labarin ƙasashenmu ya riga ya kai can.

Tafiyata ta ƙare a Sambuca, wani ƙaramin gari a cikin tsibirin, mai tsohuwar unguwar Larabawan da da lunguna matsattsu. Wannan yana cikin garuruwan da suka yi suna da sayar da gida a kan Yuro ɗaya, kuma na san saƙon yana yawo a WhatsApp a tsakanin matasanmu, shi ya sa na je in gani. Gidajen suna nan, amma kangaye ne, rufi ya rufta, ciyawa ta fito ta taga. A gwanjon da garin ya yi a 2019, Yuro ɗaya farashin buɗe ciniki ne kawai, mai saye sai ya ajiye jinginar Yuro 5,000, ya kuma gyara gidan da kuɗinsa cikin shekara uku, sannan mallakar gidan ba ta ba mutum takardar zama a ƙasar. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa gidajen suka zama kango. Da yamma na zauna a dandalin garin cikin tsofaffi, da ɗan Italiyancin da na tsinta a harkar fata na tambayi wani ina 'ya'yansa, sai ya ɗaga yatsu uku ya ce ɗaya yana Milan, biyu suna Jamus, sun tafi neman aiki, ba sa zuwa sai hutun Agusta. Mutanen Italiya fiye da miliyan 20 ne suka bar ƙasarsu zuwa ci-rani a cikin shekara ɗari da suka biyo bayan haɗewarta a 1861, kuma tun daga 2022 haihuwar da ake yi a duk faɗin ƙasar ba ta kai 400,000 a shekara. Ƙauyukan da 'ya'yanmu suke ratsa sahara da teku domin su isa, 'ya'yan masu su sun riga sun tsere daga cikinsu.

Ba ina cewa kada kowa ya je Italiya ba ne, domin ni kaina a can nake samun abincina, kuma na ga kyawun ƙasa da karamcin mutanen karkara da ba zan manta ba, kamar wata tsohuwa a tashar mota da ta cika mini hannu da 'ya'yan ɓaure ba tare da mun fahimci kalma ɗaya ta juna ba. Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware shafi, ko da sau ɗaya a wata, domin labarin tafiye-tafiye daga alƙalamin mutanenmu da suke zaune a waɗannan wurare, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatan gona, su faɗi abin da ake biya da abin da ake kashewa da inda ake kwana, a kuma sakaya sunan wanda yake jin kunyar a gane shi a gida. Saurayin nan na Foggia ya amince zai ba da labarinsa bisa wannan sharaɗi. Ya kira ni a makon jiya ya ce tumatir ya ƙare, ya koma Rosarno a yankin Calabria, inda ake tsinkar lemo a lokacin sanyi, kuma zan iya haɗa wakilinku da shi duk ranar da kuka shirya.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Wani ɗan kasuwar fata daga Kano