A Ware wa Kalmar "Live" Darasi Guda

Zuwa ga Editan Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu sauraron filinku na koyar da Turanci, kuma roƙona shi ne ku ware darasi guda cur ga kalmar "live", domin tana wahalar da yaranmu fiye da yadda ake tsammani.

Rubutu ɗaya ne, amma furuci biyu. In an ce "liv", aikatau ce mai nufin zama ko rayuwa: "I live in Zaria", wato a Zariya nake zaune. In kuwa an ce "laiv", ta koma siffa. Ita ce muke gani a kusurwar allon talabijin lokacin wasan ƙwallo, ko a Facebook, ma'ana kai tsaye.

Inda yara suka fi ruɗewa shi ne tsakaninta da "leave". Ɗalibi zai so ya ce yana son zama a gidan kakarsa, sai ya ja wasalin, ya wayi gari yana cewa so yake ya bar gidan. Alhali Bahaushe ne ya fi kowa cancantar gane wannan, tunda kunnensa ya saba rarrabe garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Tsawon wasali ne kawai ya raba su. Da wannan misalin nake koya wa 'yan ajina, kuma nan take suke kamawa.

Abin da ya fi damuna kuwa ba na jarrabawa ba ne. A jikin taransifoma da wuraren aikin lantarki akan rubuta "live wire", wato waya ce mai ɗauke da wuta, taɓa ta na iya kisa. Yaro nawa ne ke wucewa ta gefen irin wannan allo da tallansa a ka, ya karanta, bai fahimci gargaɗi ake yi masa ba? Haka ma "harsashi mai rai" da muke ji a labarai, wato fassarar "live bullet". A ganina gara a ce harsashin gaske, don mai sauraro ya bambanta shi da na roba ba tare da dogon tunani ba.

Don Allah in za a yi darasin, a furta kowace a hankali, a maimaita, a kuma sa shi da yamma lokacin da yara suka dawo daga Islamiyya.

Naku,
Malamin firamare, Zariya