Rahoton Kwamitin Kafa Layin Intanet na Tauraron Ɗan'adam Don Ɗakin Nazarin Yanayi

Ranka ya daɗe Shugaban Sashe, da sauran malamai, kwamitin ya kammala aikin da aka ɗora masa, layin kuma yana aiki. Mun rubuta bayanin dalla-dalla saboda wasu makarantu a nan Katsina da Daura na iya bukatar irinsa.

Matsalar ta lokaci ce. Hasashen yanayi na GFS, na hukumar yanayi ta Amurka wato NOAA, yana fita sau huɗu a rana: ƙarfe 1 na dare, 7 na safe, 1 na rana da 7 na yamma agogon Najeriya. Fayilolin kowane zagaye kan fara bayyana ne bayan kamar awa uku da rabi. Ke nan na ƙarfe 7 na safe yana iso mana tsakanin 10:30 da 12 na rana, daidai lokacin da kowane ofis da kowane ɗalibi ke kan layin intanet na makaranta. Saukewa sai ta tsinke a tsakiya, a sake daga farko. Hotunan gajimare na tauraron ɗan'adam Meteosat kuma duk minti 10 zuwa 15 ake sabunta su, kuma hoton hadarin da ya iso bayan awa biyu ba shi da amfani ga mai son sanin ko ruwa zai sauka kafin la'asar.

Kafin a sayi komai mun fara rage kayan da ake saukewa. Fayil ɗaya na duniya baki ɗaya ɗaruruwan megabayit ne, alhali abin da muke bukata yanki ne kawai. Mun yanke daga digiri 0 zuwa 25 arewa, da digiri 5 yamma zuwa 25 gabas. An faɗaɗa gabas da gangan, domin hadarin damina daga gabas yake taso mana, ƙurar hunturu kuma daga kwarin Bodele na Chadi. Wannan ya rage nauyin ƙwarai, amma tsinkewar ba ta daina ba, sai aka koma ga layi na daban.

Mun zaɓi Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Taurarinsa suna nisan kamar kilomita 550, shi ya sa jinkirinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Tsohon tsarin VSAT mai tauraro a nisan kusan kilomita 36,000 yana cin fiye da rabin daƙiƙa. Ga sauke fayil wannan bambancin ba babba ba ne, sauƙin kafawa ne ya fi rinjayar da mu.

Dish ɗin, wato farantin kama sigina, yana son sarari buɗe mai faɗin digiri 110. Wurin da aka fara dubawa a kan dekin, manhajar Starlink ta nuna tankin ruwa da reshen bedi sun tare gefe ɗaya, kuma ko ɗan reshe yana jawo yankewar 'yan daƙiƙoƙi a kai a kai duk lokacin da tauraro ya bi ta bayansa. Aka matsa zuwa ɗaya kusurwar. Ba mu huda dekin ba, don kada ɗakin ya fara yoyo. Mai walda ya yi maƙalai biyu na ƙarfe, aka ɗaure su a jikin rawanin ginin da kusoshi masu buɗewa na milimita 10, huɗu-huɗu, suka riƙe bututun galbanais mai faɗin inci 2 da tsawon mita 1.5. Kada a ƙara masa tsawo ba dalili: guguwar da ke gaban ruwan farko tana girgiza dogon bututu har notuna su saki.

Wayar da ke zuwa cikin kwali mita 15 ce, ba ta isa ba, aka sayi mai mita 45. Ba a yanke ta a yi mata haɗi, saboda ita ke kai wuta ga dish ɗin, kuma haɗi a waje ƙofar ruwa ce. Ta bi cikin bututun roba na milimita 25, an zura ta kafin a manna gwiwoyin bututun don kanta ya wuce. Kafin ta shiga bango an bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa, ruwa ya riƙa ɗiga a can, sannan aka toshe ramin da silikon.

Wuta ce ta fi cin kuɗi da tunani. Dish da rautarsa suna jan wat 75 zuwa 100. Ƙaramar kwamfutar da ke sauke bayanai wat 20, sauran ƙananan na'urori 10, inbata ita kanta kamar 30. Jimla wat 160, wato kilowat-awa 3.8 a rana. Batirin lithiyam mai bolt 51.2 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar 5.12, idan aka tsaya a kashi 80 cikin 100, zai riƙe kayan kwana ɗaya cur ba rana ba wutar gari. Farantan sola huɗu ne masu wat 400. A lissafi uku sun isa, na huɗun na ƙurar Disamba da Janairu ne da lumshin Agusta. Inbata kan kashe kanta idan ta yi zafi, ga shi a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, don haka aka buɗe wa ɗakin tagar iska sama da ƙasa, da raga saboda ƙadangaru. Akwai kuma saitin narkar da ƙanƙara a cikin manhajar, wanda ke ɗumama dish ɗin. A Katsina ɓarnar batir ce kawai, mun kashe shi.

Ƙasarmu rairayi ce, da rani ta bushe ƙayau, sandar atin (mai sauke wuta cikin ƙasa) guda ɗaya ba ta wadatar. An kafa sandunan tagulla uku masu mita 1.5, tazarar mita 3, aka haɗa su da waya mai kauri, aka cike ramukan da bentonayit, wani yumɓu mai riƙe danshi. Masu aikin wuta sun saba zuba gishiri da gawayi. Gishirin yana ba da kyakkyawan awo da farko, daga baya ya cinye sandar. Da rani aka yi awon, ya sauka ƙasa da ohm 10.

Tashar awon yanayi tana fili, nisan mita 180 daga ɗakin. Wayar sadarwa ta tagulla iyakarta mita 100, kuma tana iya jawo tsawa daga dogon ƙarfen awon iska mai mita 10 har cikin ɗaki. Sai aka binne wayar fayiba, wadda ba ta ɗaukar wuta, cikin bututu, zurfin santimita 60, da jan kyalle a samanta don mai haƙa ya gani.

Abu biyu ne ya kamata mai kula da layin ya sani. Starlink ba ya ba masu ƙaramin tsarin biyan kuɗi adireshin da za a shigo ta kansa daga waje, don haka tashar ce ke tura awonta duk minti 10 zuwa sabar da muka yi haya, malamai kuma suna shiga ta WireGuard, manhajar haɗi ta sirri. Sannan ruwa mai ƙarfi yana raunana siginar, har ta ɗauke na 'yan mintoci, kuma a lokacin ne awon ruwa ya fi daraja. Saboda haka na'urar tashar tana ajiye komai a katinta da tambarin lokaci na agogon duniya (UTC), ta tura idan layi ya dawo. Idan yankewar ta wuce minti biyar, awon tashar kaɗai ke komawa layin makaranta, tunda bai fi 'yan kilobayit ba.

An kashe Wi-Fi na rautar gaba ɗaya, kuma na'urori huɗu kawai aka yi wa rajista. Mun san an yi ƙorafi a kan haka. Amma idan aka buɗe Wi-Fi ɗin, ranar da kalmar sirri ta fita, cunkoson da aka gudo zai biyo mu nan. Haka kuma kada wani ya sa waya tsakanin wannan rautar da soket ɗin makaranta, domin za ta fara raba wa kwamfutocin ofisoshi adireshinta, su rikice.

Abin da ya rage a hannun sashe shi ne kuɗin wata-wata, wanda muke ba da shawarar a sa shi cikin kasafin shekara, da wanda zai riƙa wanke farantan sola duk mako a lokacin hunturu. A ɗaure notunan dish ɗin a sake awon atin a watan Mayu, kafin ruwan farko. Maɓallan ɗakin da taswirar inda wayar fayiba ta bi suna ofishin sakataren sashe.