Zuwa Ga Ɗan'uwana Direba, Kan Tseren Awa 24 Na Le Mans

Assalamu alaikum Alhaji,

Ranar da aka gayyace ni shirin rediyo kan gyaran mota, ka bugo waya ka ce kai direban doguwar tafiya ne, ka tambaye ni: mene ne amfanin motoci su wuni su kwana suna zagaya wuri ɗaya a Faransa, in ba ɓarnar mai da wasa da rai ba? Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa. Ga ta nan, daga bakin wanda ya tsufa a gareji.

Waɗanda suka kafa tseren Le Mans a watan Mayun 1923 ba gudu ne babban abin da ya dame su ba. Tambayarsu irin taka ce duk sanda za ka ɗauki hanya: shin motar nan za ta kai? Fitilarta za ta kwana tana ci? Motoci 33 suka tashi, cikin ruwan sama da laka, a kan titunan da jama'a ke bi kullum. André Lagache da René Léonard suka yi nasara da mota ƙirar Chenard & Walcker, bayan sun ci kilomita 2,200 da 'yan kai. A 2010 motar Audi ta ci kilomita 5,410 a cikin wannan awa 24 ɗin, wato kamar ka yi Kano zuwa Legas sau biyar tsakanin la'asar ɗin yau da ta gobe. Ni da na san yadda inji ke yi idan ya ɗau zafi, wannan lissafi har yau yana ba ni mamaki.

Abin da aka gwada a can kuwa yana ƙarƙashin ƙafarka. A 1953 Jaguar ta ci tseren da birki mai faifai, lokacin da sauran ke fama da birki mai ganga wanda ke saki idan ya yi zafi. A wancan zamanin akwai miƙaƙƙen titi a filin mai kusan kilomita shida, a ƙarshensa kuma kwana ce mai tsanani. Direban Jaguar sai ya matso kusa sosai kafin ya taka birki, kuma birkin ya kama, zagaye bayan zagaye, har gari ya waye. Yau da wuya ka buɗe tayar gaban ƙaramar mota ba ka ga faifan nan ba. Injin dizal ya ci tseren a 2006, mota mai haɗa mai da lantarki ta ci a 2012, dukansu na Audi.

Maganar rai kuwa, ba zan musa maka ba, kana da gaskiya. Ranar 11 ga Yunin 1955 motar Mercedes ta Pierre Levegh ta hau bayan wata motar, ta tashi sama, ta tarwatse cikin 'yan kallo. Mutum fiye da 80 suka mutu, har da shi. Ba a tsayar da tseren ba. Cikin dare Mercedes ta janye motocinta alhali ita ce a gaba, Suwizalan kuma ta haramta irin wannan tsere a ƙasarta na shekaru masu yawa. Babu birkin da zai biya waɗannan rayuka, kuma ba na yarda da mai cewa wannan ne kuɗin ci gaba. Sakaci ne: tsakanin motoci masu wannan gudu da jama'a, ɗan tudun ƙasa kawai aka yi.

Wanda nake girmamawa a tarihin nan shi ne Jacky Ickx, ɗan Beljiyam. Al'adar Le Mans a da, direbobi su jeru a tsallaken titi, in an kaɗa tuta su sheƙa a guje su faɗa mota, da yawa ba sa tsayawa ɗaura bel. A 1969 kowa ya ruga, shi kuwa ya tako a hankali, ya zauna, ya ɗaura bel ɗinsa, ya tashi a ƙarshen kowa. A zagayen farko wani direba mai suna John Woolfe ya yi haɗari ya rasu. Washegari Ickx ya ci tseren da Ford, tsakaninsa da Porsche mai bin sa kusan mita 120 kacal. Daga shekarar da ta biyo baya aka daina wannan rugawa. Shi ne kuma ya ci tseren Faris zuwa Dakar a 1983, wanda a shekarun can yake ratsa Agadas da hamadar Tenere. Dattawan Nijar sun ga ƙurar motocin da idonsu.

Sai in dawo kan Levegh, domin shi ne ya sa na ga lallai in rubuto maka. Shekara uku kafin rasuwarsa, a 1952, ya ƙi miƙa wa abokin tuƙinsa sitiyari. Ya tuƙa Talbot shi kaɗai kusan awa 23, yana gaba da tazara mai yawa, sai injin ya karye ana saura kamar awa ɗaya, Mercedes ta wuce ta ci. Yau doka ta hana irin wannan. Mutum uku ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, ba wanda zai wuce awa huɗu cikin kowace awa shida, ko awa 14 gaba ɗaya. Waɗannan fa mutane ne masu likita a gefe, da makanikai a tsaye, da titin da babu rami, babu tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya ba alama.

Na sha karɓar motocin da gyangyaɗin asuba ya kai su cikin daji, kuma na san wasu direbobinsu da ba su dawo karɓar motar ba. To Alhaji, ni ma ga tawa tambayar, kuma ina so ka amsa mini a shirin da ka tambaye ni: idan ka yi lodi daga Kano za ka Legas, awa nawa kake yi a kan sitiyari kafin ka kwanta, kuma wa ke karɓar ka?

Allah Ya kiyaye hanya. Ka gaida mutan tasha.

Naka,
tsohon bakanike