A Tuna Da Makiyayi Wajen Rabon Tallafin Gaggawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini in kai kukana ga mahukunta.

Ni makiyayi ne a ƙasar Haɗeja, jihar Jigawa. Lokacin ambaliyar 2022, ruwa ya shanye mana makiyaya da harawar da muka tara, daga baya ciwon hanta ya shiga garke. Saniya mai nono da na raina tun tana maraƙa, da ta kwanta ta kasa tashi, dole na kira mahauci ya ba ni abin da ya ga dama. Da aka zo rubuta waɗanda suka yi asara, gonaki da gidaje aka ƙirga. Wanda dukiyarsa ke tafiya da ƙafa huɗu babu wanda ya tambaye shi.

Na ji daɗi da Shugaba Tinubu ya kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024. Roƙona ga Minista Idi Mukhtar Maiha shi ne a ware mana kaso na musamman duk lokacin da bala'i ya auku, kuma ya iso da wuri, domin dabba ba ta jiran takarda. A kawo dusa, angurya da maganin hanta kafin shanu su rame, kuɗi su biyo baya. Sannan a bi ta hannun arɗo da masu unguwa wajen tantancewa, don yawancinmu a ruga ba mu da asusun banki, musamman matan da suke kiwon awaki da tumaki.

Naka,
Wani makiyayi daga Haɗeja